Yadda Ake Tallafa wa Ɗalibar Jami'a da Larurar Al'ada Ke Hana Ta Karatu

Na taɓa sa ido a wata jarrabawa ta awa uku, sai na lura da wata ɗaliba a layin baya wadda tun kafin a cinye awar farko ta kifa kai a kan tebur, hannunta ɗaya riƙe da biro, ɗayan kuma ya dafe mara, gumi yana tsattsafo mata a goshi alhali safiya ce mai sanyi. Na matsa na tambaye ta ko lafiya, ta ce babu komai. Da aka tashi kowa ya miƙa takardarsa ya fita, ita kuwa ta ci gaba da zama har ɗakin ya yi wayam, sannan ta ce da ni cikin sanyin murya, "Malama, don Allah ko kina da takardar da zan goge kujera?" Tambaya biyu kacal ta amsa cikin biyar. Daga baya na ji daga bakinta cewa shekararta biyu ke nan tana cikin wannan hali, kuma ba ta taɓa gaya wa wani ma'aikacin makaranta ba, don ba ta san wanda za ta nufa ba, kuma tana tsoron a ce ragwanci ne.

Larurar al'ada tana da siffar da yawancin cututtuka ba su da ita, wato tana dawowa wata bayan wata, kuma galibi ana iya hasashen lokacin zuwanta. Saboda haka babu dalilin da zai sa ɗaliba ta riƙa bin ofisoshin malamai ɗaya bayan ɗaya duk wata tana roƙon alfarma, tana sake ba da labarin jikinta ga wanda ba ta saba da shi ba. Abin da ya dace shi ne a zauna sau ɗaya, a tsara komai a rubuce tun kafin ciwon ya zo. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma makin ɗaliba da rajistar halartarta sau da yawa a hannun malami namiji suke, don haka waɗannan matakai sun shafi malamai maza da mata, masu ba ɗalibai shawara, jami'an jarrabawa da shugabannin sassa.

Mataki na farko: ku san irin larurar da ake magana a kai

Ba a neman malami ya zama likita, amma wanda bai san bambancin ciwon mara na yau da kullum da larurar da ke kwantar da mutum ba, to zai yi wa ɗaliba mummunar fahimta ko da kuwa niyyarsa mai kyau ce. Ciwon mara na lokacin al'ada yana faruwa ne saboda jiki yana samar da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, waɗanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa don fitar da jini. Idan suka yi yawa sai matsewar ta tsananta, kuma su ne ke jawo tashin zuciya da amai da gudawa da ciwon kai da wasu ke yi a rana ta farko da ta biyu.

Akwai kuma ciwon da ke da wata cuta a ƙarƙashinsa. Wadda ta fi shahara ita ce endometiriyosis, inda nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, a kan ƙwan mace ko hanji ko mafitsara, ya riƙa kumbura yana haddasa zafin da kan kai ga suma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kimanin kashi 10 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa, wato kusan mutum miliyan 190. Gano ta kuma yana ɗaukar lokaci, domin a Birtaniya ma matsakaicin jira daga fara jin alamu zuwa tabbatar da cutar ya haura shekara takwas. Ku riƙe wannan adadi, domin ya fi tsawon karatun digiri na farko, kuma za mu dawo kansa idan mun zo maganar takardar likita.

Sai zubar jini mai yawa, wato jinin da ke wuce kwana bakwai, ko ya sa a sauya auduga duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko ya zo da manyan gudaji. Ƙari a mahaifa na iya jawo shi, haka ma wasu cututtukan da ke hana jini daskarewa. Illarsa ga karatu ba ta tsaya a ranakun jinin ba, domin yana ƙarar da sinadarin ƙarfe a jiki har ya kai ga ƙarancin jini, sai a ga ɗaliba tana haki in ta hau bene, tana gyangyaɗi a lakca, tana karanta shafi ɗaya sau uku ba ta riƙe komai ba. Wannan ita ce ɗalibar da aka fi yi wa kallon marar himma.

Larurar PCOS, wadda ta shafi ƙwan mace da sinadaran jiki, tana sa al'ada ta rikice, ta yi watanni ba ta zo ba sannan ta zo ba shiri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba a gano su ba. Ita kuwa PMDD, a mako ɗaya ko biyu kafin jini take bayyana, da tsananin baƙin ciki ko fargaba ko fushi da kasa tattara hankali, sannan ta lafa bayan jinin ya fara. An shigar da ita cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka a 2013. Mai wannan larura ba ta riƙe mara, ba a ganin komai a jikinta, shi ya sa ake saurin cewa halinta ne.

Mataki na biyu: ku buɗe ƙofa tun kafin a ƙwanƙwasa

A lakcar farko ta zangon karatu, lokacin da kuke bayanin ranakun gwaji da ƙa'idar halarta, ku ƙara jimla ɗaya, ku kuma sa ta a takardar tsarin darasi: duk wanda ke da larurar da ke dawowa lokaci-lokaci, har da larurar al'ada, ya zo a yi tsari tun yanzu. Ambaton kalmar a fili yana da muhimmanci, domin ɗaliba da yawa ba ta ɗaukar abin da ke damunta a matsayin rashin lafiyar da makaranta za ta saurara. Ku kuma faɗi sunan ma'aikaciya mace da za a iya zuwa wurinta, ga wadda nauyin baki zai hana ta magana da namiji.

Idan ta zo, yawanci ba za ta fara da bayani ba. Za ta ce, "Malam, ba ni da lafiya ne ranar gwajin." Ku yi mata sannu, ku ba ta wurin zama inda wasu ba za su ji ba, sannan ku tambaye ta ko abu ne mai dawowa, da kuma ɓangaren karatun da ya fi taɓawa. Iyakar abin da kuke buƙatar sani ke nan. Kada ku nemi bayanin jikinta dalla-dalla, kuma kada ku ce ai kowace mace tana yi. Wannan jan kunne ya fi shafar mu malamai mata, domin wadda al'adarta ke zuwa mata da sauƙi takan auna ta wasu da tata, ta yanke hukunci da tsaurin da namiji ma ba zai yi ba. Kada kuma ku ba ta shawarar da ta shafi aure ko haihuwa a matsayin magani, domin ciki ba ya warkar da endometiriyosis, kuma ba wannan ya kawo ta ofishinku ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ku tambaye ta abin da take ganin zai taimaka kafin ku kawo naku.

Mataki na uku: ta fara rubuta abin da ke faruwa kowace rana

Ku ƙarfafa mata gwiwa ta keɓe ɗan littafi ko manhajar waya, ta riƙa rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke, yawan audugar da ta sauya, ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, maganin da ta sha da ko ya yi aiki, yanayin zuciyarta, da lakcar da ta rasa. Ta rubuta har a ranakun da take lafiya lau, domin su ne ke fito da bambancin. Likita ba ya tabbatar da PMDD sai da irin wannan rubutu na kullum na aƙalla zagayen al'ada biyu, kuma ko a sauran larurorin, shafi biyu na rubutattun ranaku sun fi amfani a gaban likita fiye da cewa "ina shan wahala sosai". Littafin nata ne, ba sai ta nuna muku ba. Abin da kuke buƙata daga cikinsa kawai shi ne kwana nawa larurar ke kwantar da ita, da kuma makon da ake tsammanin zuwanta.

Mataki na huɗu: ku haɗa ta da likita

Ku nuna mata hanyar asibitin makaranta, in da hali ku taimaka ta samu lokacin da bai ci karo da lakca ba. Ta tafi da littafinta, ta kuma nemi a auna jininta idan tana yawan gajiya. Ana ɗaukar mace marar ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan hemogulobin ɗinta, wato sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin, ya gaza giram 12 a kowace desilita ta jini, kuma gwajin feritin yana nuna ragowar ƙarfen da ke ajiye a jiki tun kafin hemogulobin ya faɗi. Idan an yi hoton ciki aka ce ba a ga komai ba alhali ciwo bai daina ba, ta koma ta nemi a tura ta wurin likitan mata, domin hoton ba ya nuna kowane irin endometiriyosis.

Ba aikin malami ba ne rubuta magani, amma yana da kyau ku san cewa magani yana nan, don ku iya gaya mata cewa haƙuri ba shi ne kaɗai zaɓinta ba. Magunguna irin su ibufurofen da mefenamik asid suna rage samar da furostagilandin, shi ya sa suka fi aiki idan an fara su da zarar alamar farko ta bayyana maimakon a jira ciwo ya kai maƙura, sai dai ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba, kuma suna tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Tiraneksamik asid yana rage yawan jini, akwai kuma magungunan daidaita sinadaran jiki da likita kan bayar bayan ya duba. Ɗumama mara da jakar ruwan zafi yana rage raɗaɗi. Maganin ƙarin ƙarfe kuwa watanni yake ɗauka kafin ya cike giɓin, don haka kada ku sa ran ganin canji a mako guda.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan tana jiƙa auduga duk awa har awanni biyu ko fiye a jere, ko ta suma, ko ciwo mai tsanani ya taso mata kwatsam a gefe ɗaya na mara, musamman idan al'adarta ta yi jinkiri, ko ciwon ya haɗu da zazzaɓi mai zafi, a kai ta sashen gaggawa nan take, domin ciki a wajen mahaifa da murɗewar ƙwan mace suna iya zuwa da kamannin ciwon mara. Haka kuma idan ta ambaci tunanin kashe kanta, ko da ta ce na 'yan kwanaki ne kafin al'ada kuma yana wucewa, kada a bar ta ita kaɗai, a haɗa ta da likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a ranar.

Mataki na biyar: ku rubuta tsarin sassauci

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Alkawarin baka yana tafiya da wanda ya yi shi, ranar da malami ya tafi hutu ko aka sauya jami'in jarrabawa sai ɗaliba ta koma farko. Ku zauna da ita ku rubuta takarda mai shafi ɗaya, shugaban sashe ya sa hannu, a ba ta kwafi.

Ku fara da halartar aji. A rubuta adadin kwanakin da za ta iya rasawa a wata ba tare da an nemi sabuwar shaida ba, da yadda za ta sanar, misali gajeren saƙo ga mutum ɗaya wanda shi zai isar wa sauran malamai. A watan Janairun 2023 gwamnatin jihar Kerala ta Indiya ta sauke ƙa'idar halarta ga ɗalibai mata a jami'o'in da ke ƙarƙashinta daga kashi 75 zuwa 73 cikin ɗari saboda al'ada. Kyawun wannan tsari shi ne ba ya tilasta wa kowa ta tona asirinta, amma a ganina bai isa ga mai larura mai tsanani ba. Kashi 2 na zango mai kwanakin karatu 90 bai cika kwana biyu ba, alhali wadda ke kwanciya kwana biyu duk wata za ta iya rasa kwana takwas a zango mai wata huɗu. Saboda haka sassaucin kowa da kowa yana buƙatar ƙarin tsari na mutum ɗaya a kansa.

Sai abin da ta rasa. Rangwamen halarta ba shi da amfani idan darasin ya wuce ta, don haka a rubuta cewa za a ba ta takardun lakca, ko a yarda wata ƙawarta ta naɗar mata murya, kuma a keɓe mata wani lokaci ta yi tambaya. Darasin ɗakin gwaje-gwaje da aikin fili sun fi wuyar ramawa, kuma sun fi wahala ga mai ciwo saboda tsayuwar awanni, saboda haka a tanadi kujera, a kuma ba ta damar shiga wani rukuni a wata rana.

Game da ayyukan da ake miƙawa, ƙarin kwana biyu zuwa biyar da aka amince da shi tun farko yawanci ya wadatar. Ya fi kyau ma a ba ta jerin ranakun miƙa aiki tun farkon zango, ta ɗora su a kan lissafin watanninta, ta ga inda za su yi karo, ta fara waɗancan da wuri. Mai PMDD ta fi kowa cin moriyar wannan, domin tana da makonnin da hankalinta ke daidai, kuma za ta iya tura aiki mai nauyi zuwa cikinsu. Ga mai PCOS wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci, lissafin ba zai yi aiki ba, sai a rubuta cewa sassaucin yana farawa ne daga ranar da ta sanar.

Jarrabawa ce ta fi buƙatar bayani filla-filla, domin mai sa ido ba ya da ikon yin abin da ba a rubuta masa ba. A rubuta cewa za a zaunar da ita kusa da ƙofa, za ta iya fita banɗaki da rakiyar ma'aikaciya mace ba tare da tambayoyi ba, za a dakatar da lissafin lokacinta yayin da take waje a mayar mata da mintunan, kuma za ta iya shiga da ruwa da magani da auduga da jakar ɗumi bayan an duba su. A kuma fayyace abin da zai faru idan ta kasa zuwa gaba ɗaya, wato ranar da za ta rubuta ta ramuwa, tare da tabbacin cewa za a ɗauke ta a matsayin zaman farko, ba za a rage mata maki kamar wadda ta faɗi ta maimaita ba.

Sai maganar shaida, wadda ita ce ke kayar da yawancin ɗalibai. Idan makaranta ta ce sai an kawo takardar da ke ɗauke da sunan cuta, to mai endometiriyosis za ta iya gama digirinta kafin ta cancanci taimako, kamar yadda shekarun jiran da na ambata suka nuna. Abin da ya kamata a nema shi ne takardar likita ko ma'aikaciyar jinya da ke cewa tana da alamu masu dawowa da ke hana ta aiki na kwanaki kaza, kuma ana kan bincike. A karɓi wannan sau ɗaya a shekara. Neman sabuwar takarda duk wata yana nufin wadda ba ta iya miƙewa tsaye ta tashi ta je ta bi layin asibiti don kawai a shaida cewa ba ta iya miƙewa. Masu fargabar cewa za a yi amfani da wannan dama a yi ha'inci su lura cewa tsarin bai rage ko tambaya ɗaya daga jarrabawa ba, bai kuma sauya ma'aunin maki ba, lokaci da wurin zama kawai ya taɓa.

Mataki na shida: ku tsare sirrinta

Sauran malamai suna buƙatar sanin sassaucin da aka amince da shi, ba sa buƙatar sanin dalilinsa. Takardar da za ta zagaya ta ce kawai ɗaliba mai lamba kaza tana da tsarin sassauci na lafiya, ga abubuwan da ya ƙunsa. Bayanin likita ya zauna a wuri ɗaya a kulle. Kada a kira iyayenta ko mijinta ba da izininta ba, sai dai idan rayuwarta na cikin haɗari, kuma kada a yi mata tambaya a kan jikinta a gaban aji ko da da sigar kulawa ce.

Mataki na bakwai: ku duba banɗaki da kayan buƙata

Ku taka da ƙafarku ku shiga banɗakin da ya fi kusa da ɗakin lakcarku, ko ku tura wadda za ta duba. Ku ga ko ƙofar tana kulluwa, ko akwai ruwa da sabulu da haske, ko akwai kwandon shara mai murfi a cikin kowane ɗaki, ko kuma ana buɗe shi a lokutan jarrabawa da na karatun dare. Ɗalibar da ke sauya auduga duk bayan awa biyu tana yanke shawarar zuwa lakca ne bisa amsar waɗannan tambayoyi. Sukotland ta fara raba kayan al'ada kyauta a makarantu da kwalejoji da jami'o'inta a 2018, majalisarta ta amince da dokar da ta wajabta hakan a watan Nuwamban 2020, dokar kuma ta fara aiki a watan Agustan 2022. Sashen da ba shi da ƙarfin yin haka zai iya ajiye kwali ɗaya na auduga a banɗaki ko a wurin da za a ɗauka ba sai an roƙa ba, da wani a ɗakin jarrabawa, tare da ɗan ɗaki mai gado ko doguwar kujera inda mai ciwo za ta kwanta na rabin awa har magani ya kama ta, maimakon ta koma ɗakin kwana ta rasa sauran lakcocin yinin.

Mataki na takwas: ku sake duba tsarin

Ku sa ranar ganawa a tsakiyar zango da kuma bayan fitowar sakamako, ku tambaye ta wane sashe na takardar aka cika, wane kuma aka yi biris da shi. Sau da yawa za ku tarar da malami ɗaya da bai karanta ba, ko mai sa ido da bai samu kwafi ba, kuma ku ne ya kamata ku bi sawu, kada ku bar ta ta yi jayayya da wanda makinta ke hannunsa. Larurar ma tana canzawa, domin sabon magani kan rage kwanakin kwanciya, aikin tiyata kuma kan buƙaci hutun makonni. Idan ta kai ga dole ta rage darussa ko ta jingine zango, ku zauna da ita ku lissafa abin da hakan zai taɓa na kuɗin makaranta da tallafin karatu da ɗakin kwana da shekarar kammalawa kafin ta sa hannu a kan komai. Idan kuma za ku bar muƙaminku, ku nemi izininta ku miƙa takardar ga wanda zai gaje ku, ku haɗa su su gana sau ɗaya kafin jadawalin jarrabawa ta gaba ya fito.